Abin da sharhin mota ba ya aunawa, da sana'ar tsare mota daga masu kutse

A watan Yulin 2015, wani ɗan jaridar mujallar Wired ta Amurka mai suna Andy Greenberg ya hau babbar hanya a gefen birnin St. Louis da mota ƙirar Jeep Cherokee ta shekarar 2014, yana gudun kilomita kusan 110 a sa'a. Bai taɓa komai ba sai na'urar sanyi ta fara hura iska da ƙarfi, rediyo ya sauya tasha ya ƙure murya, ruwan wanke gilashi ya feso. Can kuma sai totur ya daina amsawa. Yana takawa inji na ruri, amma motar sai rage gudu take, ga kuma babbar mota tafe a bayansa. Waɗanda suka yi masa wannan aiki, Charlie Miller da Chris Valasek, suna zaune ne a wani gida mai nisan kilomita 16, kwamfuta a gabansu. Da yardarsa aka shirya gwajin, sai dai ba su gaya masa abin da za su yi ba. Kwana uku bayan fitowar labarin, kamfanin Fiat Chrysler ya sanar da kiran motoci miliyan 1.4 domin gyara.

Kamar kowace sabuwar motar babban kamfani, wannan Jeep ɗin ta bi ta hannun masu sharhin motoci tun fitowarta. An auna gudunta, an auna shan manta, an yi magana kan faɗin kujerunta da kyan allon da ke gaban direba. Ta bayan wannan allon ne aka shiga motar, kuma babu wani awo cikin awon da masu sharhi suka saba yi da zai iya gano haka. Wannan giɓin ne ya haifar da sana'ar da yau ake kira tsaron kwamfutar mota.

Yadda ake sharhin mota

Sharhin mota ya kusa kai shekarun motar kanta. Mujallar Autocar ta Ingila ta fara fita a 1895, kuma a 1928 ta buga gwajin hanya na farko mai ɗauke da alƙaluma, kan wata ƙaramar mota Austin 7. A Faransa, L'Argus ta fito a 1927, L'Auto-Journal kuma a 1950. Sunan Argus ba baƙo ba ne ga dillalan mota a ƙasashe masu amfani da Faransanci, domin jerin farashin motocin hannu da take fitarwa ya zama ma'aunin da ake komawa gare shi wajen ciniki da biyan kuɗin duwan.

Tsarin aikin bai sauya sosai ba tun wancan lokaci, ko da yake yanzu yawancinsa ya koma bidiyo a YouTube. Kamfani yakan ba ɗan jarida aron mota na ƴan kwanaki, ko ya gayyace shi bikin ƙaddamarwa ya ɗauki nauyin tafiyarsa. Shi kuma ya auna daƙiƙu nawa take ɗauka kafin ta kai gudun kilomita 100, mita nawa take ci kafin birki ya tsayar da ita, lita nawa take sha, yaya take a kwana da kan gargada, kaya nawa bayanta ke ɗauka. Mai karatu ya kamata ya riƙa tuna cewa motar aro ce, kuma wanda ya ba da aron yana iya hanawa gobe. Ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka, wadda aka kafa a 1936, ta kauce wa wannan tarko: da kuɗinta take sayen motocin da take gwadawa, a wurin dillali kamar kowa, ba tare da ta bayyana ko ita wace ce ba, kuma ba ta karɓar talla.

Idan aka yi shi da gaskiya, sharhi na iya tilasta wa kamfani sauya mota. A watan Oktoban 1997, ma'aikatan mujallar Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin suka gwada sabuwar Mercedes A-Class da irin kaucewar gaggawa da direba kan yi idan dabba ta faɗo hanya, motar ta kife. Mercedes ta dakatar da sayarwa, ta sake fasalin ƙafafun motar, ta kuma saka mata na'urar daidaita tafiya ta ESP, wadda a lokacin sai manyan motoci masu tsada ke da ita. A shekarar ce kuma aka kafa Euro NCAP, mai buga motoci da gangan ta ba su taurari. Irin wannan gwaji ya iso Afirka a 2017, lokacin da Global NCAP da ƙungiyar direbobi ta Afirka ta Kudu suka fara gwada motocin da ake sayarwa a nahiyar. Chery QQ3 ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya, haka ma Nissan NP300 Hardbody a 2018.

Duk waɗannan gwaje-gwaje sun ginu ne kan zato guda: motar da aka gwada yau ita ce dai motar da mai saye zai tuƙa baɗi. Zaton ya fara rushewa a fili a watan Mayun 2018. Consumer Reports ta auna birkin Tesla Model 3, ta ga sai da ta ci mita 46 kafin ta tsaya daga gudun kilomita 97 a sa'a, ta ce ba za ta ba da shawarar a saye ta ba. Cikin kwanaki Tesla ta aika wa motocin gyaran manhaja ta iska, ba tare da ko ɗaya ta je gareji ba. Da aka sake awo, tazarar ta ragu da kusan mita 6, ƙungiyar ta janye matsayinta. An yaba da saurin gyaran, amma masana tsaro wani abu daban suka hango: idan kamfani na iya taɓa birkin mota daga nesa, to akwai hanyar da ta taso daga intanet ta kai har birki, kuma dole wani ya tsare ta.

Abin da ke cikin mota

Motar zamani na ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, waɗanda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, injiniyoyi kuma ECU. Akwai ta inji, ta giya, ta birki, ta jakar iska, ta ƙofofi, ta fitilu, ta rediyo. A ƙaramar mota sukan kai gommai, a wasu manya su haura ɗari. Yawancinsu suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu a murɗe, bisa wani tsari mai suna CAN da kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986, wanda ya fara shiga kasuwa sosai da Mercedes S-Class ta 1991.

Tsarin CAN ya yi kama da shela a gari cikin dare. Kowa na jin abin da aka faɗa, kowane saƙo na ɗauke da lambar da ke nuna batun da yake magana a kai, amma babu abin da ke tabbatar da bakin da ya fito. Idan saƙo ya ce makulli ya yi daidai a buɗe ƙofa, ƙofa za ta buɗe, ba ta tambayar wa ya ce. Waɗanda suka tsara shi ba sakaci suka yi ba. A 1986 babu wanda ke iya kaiwa ga waɗannan wayoyi sai wanda ya kwance motar, abin da ake nema kuwa shi ne sauri da juriya da araha.

Daga baya ne aka yi ta huda ƙofofi a jikin wannan gida. Ta farko ita ce kafar OBD mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda makaniki ke soka na'urar bincike. Amurka ta wajabta ta daga motocin 1996, Turai daga 2001 ga masu shan fetur da 2004 ga masu shan gas. Sai Bluetooth, sai Wi-Fi, sai makullin da ba a sokawa, sai layin waya da aka dasa a cikin motar, sai manhajar wayar hannu da ke tayar da inji daga ɗaki. Tun a 2010 da 2011 masu bincike na Jami'ar Washington da Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka nuna cewa ana iya kashe birkin mota ta waɗannan hanyoyi, amma da yake ba su faɗi sunan motar ba, maganar ba ta yi nisa ba. Miller da Valasek sun faɗi suna. Sun shiga ta na'urar rediyo da taswira mai suna Uconnect, wadda ke haɗe da layin kamfanin waya na Sprint, suka sake rubuta manhajar wani ɗan guntu da ke tsakanin rediyon da wayoyin CAN, daga nan suka riƙa yin shela da muryar da suka ga dama.

Ɓarayi sun riga kowa

Kutsen da ake yi wa mota tana cikin tafiya ya fi jan hankalin jaridu, amma kusan duk wanda aka sani masu bincike ne suka yi shi. Inda ake asara ta gaske kullum shi ne sata.

Hanya mafi yaɗuwa ita ce miƙa siginar makulli. Ɓarawo ɗaya ya tsaya jikin bangon gida da na'urar da ke kamo siginar makullin da ke rataye a ciki, na biyu ya tsaya jikin mota da na'urar da ke maimaita ta. Mota ta ɗauka mai ita ne ya iso, ta buɗe, ta tashi. Wata hanyar ta fito fili ne bayan an sace Toyota RAV4 ta wani masanin tsaron motoci, Ian Tabor, a Landan a 2022. Kafin satar ya tarar sau biyu an ɓalle gefen gaban motar an taɓa wayoyin fitila, ya ɗauka ɓarna ce kawai. Binciken da ya yi tare da Ken Tindell, wanda aka wallafa a Afrilun 2023, ya nuna ɓarayin ta wayar fitilar gaba suke kaiwa ga CAN, su jona wata na'ura da aka ɓoye cikin kwanson lasifikar Bluetooth, ta riƙa aika saƙon ƙarya cewa makulli na nan.

Na Hyundai da Kia ko kutse bai kai ba. Motocinsu da yawa da aka sayar a Amurka tsakanin 2011 da 2021 ba su da na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali, abin da Tarayyar Turai ta wajabta tun 1998, Kanada tun 2007, Amurka kuwa ba ta wajabta ba. Alƙaluman cibiyar bincike ta kamfanonin inshorar Amurka sun nuna a motocin 2015, kashi 96 cikin ɗari na sauran kamfanoni na da na'urar, na Hyundai da Kia kashi 26 kacal. Daga 2021 matasa a birnin Milwaukee suka fara yaɗa bidiyo a TikTok na yadda ake tayar da su da kan igiyar USB. Satar ta bazu har wasu manyan kamfanonin inshora suka daina karɓar waɗannan motoci a wasu birane. A 2023 kamfanonin biyu suka fitar da gyaran manhaja ga motoci sama da miliyan 8, suka kuma amince su biya kusan dala miliyan 200 don sasanta ƙarar masu motoci. Shekara goma ana sharhin waɗannan motoci ana yabon arahar su, ba kasafai wani ya tsaya kan abin da aka cire aka samu arahar ba.

Wannan batu ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. An sace motoci sama da 105,000 a Kanada a 2022, kuma an gano wasunsu a kasuwannin Ghana da Najeriya bayan sun fita ta tashar jiragen ruwa ta Montreal. A Mayun 2024 hukumar ƴan sandan duniya Interpol ta ce cikin wata uku da haɗa bayanan Kanada da rumbunta, an gano motocin ƙasar sama da 1,500 a sassan duniya. Wanda ya sayi irin wannan mota da kuɗinsa na halak yana iya wayar gari an karɓe ta.

Me ya sa sharhi bai cike giɓin ba

An yi yunƙuri. Ƙungiyar direbobi ta Jamus, ADAC, tun 2016 take gwada motoci masu makullin da ba a sokawa, ta gwada ɗaruruwa, kuma kaɗan ne suka tsira, yawanci sababbi masu fasahar da ke auna ainihin tazarar da ke tsakanin makulli da mota. Cibiyar Thatcham Research ta kamfanonin inshorar Birtaniya ta fara ba motoci makin tsaro daga sata a Maris 2019, inda shida cikin goma sha ɗaya na farko suka samu maki mara kyau. A Satumban 2023 gidauniyar Mozilla ta duba ƙa'idojin sirri na kamfanonin mota 25, ta ce duka sun faɗi, kashi 84 cikin ɗari kuma na iya raba bayanan direba da wasu. Renault da Dacia ne suka fi dama-dama, domin su kaɗai suka ba kowane direba damar neman a goge bayanansa.

Amma har yanzu babu taurarin tsaron kwamfuta da mai saye zai duba kamar yadda yake duba na hatsari, kuma dalilan a bayyane suke. Awon birki aikin yini ɗaya ne, binciken Jeep kuwa ya ci wa mutum biyu ƙwararru watanni masu yawa. Sakamakon ma ba ya daɗewa: motar da ta tsira yau na iya faɗuwa gobe idan an gano sabon rauni, wadda ta faɗi kuma na iya gyaruwa cikin dare. Sannan akwai kotu. A 2013 kamfanin Volkswagen ya samu umarnin wata babbar kotun Ingila da ya hana Flavio Garcia na Jami'ar Birmingham da abokan aikinsa biyu na Jami'ar Radboud ta Holan wallafa raunin da suka gano a guntun makullin motoci da dama. Sai a 2015 binciken ya fito, bayan an cire jimla ɗaya. Mujallar da ke rayuwa da motocin aro ba za ta so shiga irin wannan rigima ba.

Dokar da ta buɗe guraben aiki

Abin da sharhi bai yi ba, doka ta yi. A Yunin 2020, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ƙa'idojin motoci da ke zama a Geneva ya amince da ƙa'ida ta 155 kan tsaron kwamfutar mota, da ta 156 kan sabunta manhaja. Tarayyar Turai ta wajabta su ga sababbin samfura daga Yulin 2022, ga dukkan sababbin motoci kuma daga Yulin 2024. Japan ma ta ɗauke su. Amurka ba ta ciki, hukumarta ta kiyaye haɗurra shawarwari kawai take bayarwa.

Ƙa'ida ta 155 ta ɗora wa kamfani nauyin nuna cewa yana da tsari na gano haɗari da magance shi tun daga zanen mota, zuwa ƙera ta, har bayan an sayar da ita, kuma tsarin ya haɗa da masu kawo masa kayan haɗi. Takardar shaidar shekara uku take yi a sake dubawa. Ba takardar, ba izinin sayarwa. A Agustan 2021 aka fitar da ma'aunin ISO/SAE 21434, wanda ke bayanin yadda injiniyoyi za su yi aikin dalla-dalla. Cewa dokar na da haƙora ya tabbata a 2024, lokacin da Porsche ta daina sayar da Macan mai shan fetur a Tarayyar Turai, duk da tana cikin motocinta mafi kasuwa, saboda sake mata tsarin lantarki ya fi ƙarfin ribar da za a samu. Volkswagen ma ta kawo wannan dalili wajen dakatar da ƙaramar motarta up!.

Daga nan guraben suka fito, kuma mafi yawansu ba su yi kama da abin da ake gani a fim ba. Kaso mai tsoka aikin nazari ne da rubutu: mutum ya ɗauki wani ɓangare na mota, a ce na'urar buɗe ƙofa, ya lissafa abin da za a iya lalatawa, ta wace hanya, da wahalar hanyar, da girman ɓarnar, sannan ya ce ga inda ya cancanci a kashe kuɗi. Kusa da su akwai injiniyoyin da ke gina kariyar: raba wayoyin mota gida-gida da mai gadi a tsakani don kada rediyo ya yi magana da birki, sa wa saƙonni hatimin sirri, tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa ba za ta karɓi manhajar da kamfani bai sa wa hannu ba. Sai masu gwajin kutse, waɗanda ake biya su fasa kafin wani ya fasa. Sai masu sa ido dare da rana kan bayanan da motocin da ke kan hanya ke aikowa, da masu karɓar rahoton rauni daga waje su bi shi har a gyara. Sai masu binciken cika ƙa'ida a cibiyoyi irin su UTAC a Faransa da TÜV da Dekra a Jamus.

Wani reshe da ke girma da sauri ko taɓa mota ba ya yi. A 2024 Sam Curry da abokansa suka nuna cewa ta shafin intanet na dillalan Kia, da lambar mota kawai, ana iya gano inda take, a buɗe ta, a tayar da ita. A ƙarshen shekarar aka gano bayanan wuraren da motocin lantarki kusan 800,000 na rukunin Volkswagen suka je suna zube a intanet, sakamakon kuskuren reshensa na manhaja, Cariad. Wanda ya iya tsaron shafuka da manhajojin waya ya riga ya mallaki rabin abin da wannan reshe ke nema.

Ta ina ake shiga

Babu ƙofa ɗaya. Miller digirin digirgir gare shi a lissafi, ya yi aiki a hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka da kuma Twitter. Valasek daga kamfanin tsaro na IOActive ya fito. Wata guda bayan labarin Jeep kamfanin Uber ya ɗauke su duka, daga baya suka haɗu a Cruise, reshen General Motors na motoci masu tuƙa kansu. A Maris 2019, a gasar Pwn2Own ta birnin Vancouver, Amat Cama ɗan ƙasar Senegal da abokinsa Richard Zhu suka kutsa manhajar shiga intanet ta Tesla Model 3, aka ba su motar da dala 35,000. A Janairun 2024 aka yi gasar farko ta motoci zalla a Tokyo, aka raba sama da dala miliyan 1.3 kan raunuka 49, kamfanin Synacktiv na Faransa ya zo na ɗaya da dala 450,000. Waɗannan kuɗaɗe na ƴan ƙalilan ne da suka kai ƙololuwa, kada a ɗauke su ma'aunin sana'ar. Lokacin da Fiat Chrysler ya fara biyan masu kawo masa rahoton rauni a 2016, ladan daga dala 150 ne zuwa 1,500.

Abin da masu ɗaukar aiki ke nema ya haɗa fannoni biyu da ba kasafai ake samun su a mutum ɗaya ba. Na farko lantarki da ƙananan kwamfutoci: karanta zanen waya, yaren C, sanin CAN da tsarin binciken lafiyar mota na UDS. Na biyu tsaron kwamfuta: Linux, Python, dabarun ɓoye saƙo, warware manhaja don gane yadda take aiki. Yawanci mutum da ɗaya yake zuwa ya koyi ɗayan a bakin aiki. Turanci dole ne, domin da shi aka rubuta ma'aunai da takardun na'urori. Faransanci kuma jari ne babba a wannan fanni.

Fara koyo ba ya buƙatar mota. Linux na zuwa da damar ƙirƙirar layin CAN na gwaji, akwai tarin manhajoji kyauta mai suna can-utils, da wata mai suna ICSim da ke nuna allon mota a kwamfuta, mutum ya saurari saƙonni ya gano wanne ke kunna sigina, wanne ke buɗe ƙofa. Craig Smith, wanda ya yi ICSim, shi ya rubuta littafin The Car Hacker's Handbook a 2016. Mataki na gaba shi ne sayen tsohon allon mita ko ƙwaƙwalwar mota a kasuwar kayan gyara, a jona ta kan tebur. Sharaɗi guda ne ba a wasa da shi: mutum ya gwada a kan kayansa, ko da rubutaccen izinin mai kaya. Shiga na'urar wani ba izini laifi ne a dokar Kamaru ta 2010, da ta Najeriya ta 2015, da ta Nijar ta 2019, kyakkyawar niyya kuma ba hujja ba ce a gaban alƙali.

A nahiyar Afirka, ayyukan da ke da alaƙa da masana'antar kai tsaye sun fi yawa a arewa. Maroko na da masana'antar Renault a Tanja tun 2012 da ta Stellantis a Kenitra tun 2019, da ofisoshin injiniyoyi a Kasabalanka masu yi wa kamfanonin Turai aiki. Tunisiya ta yi suna wajen haɗa wayoyin mota. Kamfanin Valeo na Faransa kuwa a Alƙahira ya kafa babbar cibiyarsa ta rubuta manhaja.

Motar da ta iso bayan shekara goma

A Yamai, Maraɗi, Garwa ko Njamena, lamarin ya sha bamban, domin motar da ake sharhinta a Turai bana sai ta tsufa take isowa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari suka zo Afirka. Ma'ana motocin zamanin waccan Jeep, waɗanda aka ƙera kafin ƙa'ida ta 155, su ne ke sauka yanzu a Kwatano da Lome da Duwala.

Ta wani gefen akwai sauƙi. Layin wayar da aka dasa a irin waɗannan motoci yawanci ba ya aiki a nan, wasu ma tun can ya mutu, kamar lokacin da kamfanin AT&T ya rufe layinsa na 3G a Fabrairun 2022. Kutse daga nesa ta wannan hanya ya yi wuya. Amma gyara ma ba ya isowa. Fiat Chrysler ta gidan waya ya aika wa masu Jeep gyaransu a kan ɗan sandan USB, wasiƙar kiran mota kuma ba ta bin ta ƙetaren teku. Raunin makulli da na wayar fitila suna nan yadda suke. Abin da mai saye zai iya yi shi ne ya ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, idan motar daga Amurka ta fito ya saka a shafin hukumar NHTSA, zai ga kiran gyaran da ba a yi mata ba, kyauta. Ya kuma nemi ofishin Interpol na ƙasarsa ya duba ko tana cikin jerin na sata kafin ya biya.

Ƙofar da ta fi zama a buɗe a yankin ita ce wadda mai mota ke sakawa da hannunsa, wato na'urar bin sawu da ake ɗaura wa motocin haya, manyan motocin kaya da na ƙungiyoyin agaji, mai iya yanke mai daga nesa. A Yulin 2022 kamfanin BitSight da hukumar tsaron intanet ta Amurka suka yi gargaɗi kan wata mai suna MiCODUS MV720, ƴar ƙasar Sin da a lokacin ake sayarwa kusan dala 20. Kamfanin da ke yin ta ya ce na'urorinsa miliyan 1.5 ke aiki, an kuma gano su a ƙasashe 169. A lokacin, kalmar sirrin da take zuwa da ita 123456 ce, kuma ana iya aika mata umarni ta saƙon waya a ga inda motar take ko a kashe ta tana tafiya. Kamfanin sufuri mai motoci hamsin da ya saka irin wannan bai sauya kalmar sirri ba, ya miƙa taswirar zirga-zirgarsa ga duk wanda ya nema.

Masu hannu a wannan aiki a yankin tuni suna nan, ko da ba a kiran su da sunan: masu gyaran wayar mota, masu na'urar bincike da ke soka ta a kafar OBD, masu yanka makulli su haɗa shi da ƙwaƙwalwar mota, masu saka na'urar bin sawu. Na'urar da ke yi wa wanda ya ɓatar da makulli sabo ita ce dai ke yi wa ɓarawo, shi ya sa kamfanoni suka fara kulle kafar. Motocin Fiat Chrysler daga wajajen 2018 na zuwa da mai gadi a bayan OBD, wanda ba ya barin a goge laifi ko a sauya saiti sai na'urar makanikin ta yi rajista ta kuma shiga intanet, Renault da Volkswagen ma sun bi sahu da nasu tsarin a sababbin samfura. Waɗannan motoci sun fara shigowa kasuwar hannu, kuma garejin da zai karɓe su sai yana da rajista, da layin intanet, da wanda ya san abin da na'urar ke tambaya.